Daga Gizo da Ƙoƙi Zuwa Turmin Danya: Wane Littafin Hausa Ya Dace da Wane Mai Karatu?

Sau da yawa uba zai shiga shagon littattafai a Sabon Gari ko bakin Kasuwar Kurmi ya ce a ba shi "littafin yara". A miƙo masa Magana Jari Ce tunda akwai aku a ciki, ya kai wa ɗansa mai shekara bakwai. Bayan 'yan kwanaki littafin yana ƙarƙashin katifa, sai a yanke hukunci cewa yaron ba ya son karatu. Alhali yaron ba shi da laifi, littafin ma haka. Zaɓin ne bai dace ba.

Kowane littafi yana da nauyi iri biyu, kuma daban-daban ake auna su. Akwai nauyin harshe: tsawon jimla, tsofaffin kalmomi, karin magana, girman baƙaƙe, cunkoson rubutu a shafi. Akwai kuma nauyin labari, wato abin da ke faruwa a ciki, ko zuciyar mai karatu za ta iya ɗaukarsa, ko hankalinsa ya kai ya gane dalilin da ya sa mutanen labarin ke yin abin da suke yi. A adabin Hausa waɗannan biyun sun cika saɓa wa juna. Tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya labarinsu yaro zai so shi, amma Hausarsu ta manya ce. Littattafan soyayya na Kano da waɗanda ake karantawa a waya kuwa, ɗan aji huɗu zai bi Hausarsu ba gargada, sai dai abin da ke ciki na masu aure ne. Wanda ya auna ɗaya ya bar ɗaya, ko dai ya sa yaro ya tsani karatu, ko ya miƙa masa abin da bai kai ba.

Auna nauyin harshe ba wuya. A buɗe tsakiyar littafin, ba shafin farko ba, domin marubuta sukan fara da sauƙi. A sa yaron ya karanta shafi guda a bayyane, duk kalmar da ta tsayar da shi a lanƙwasa yatsa ɗaya. In an gama shafin da yatsa biyu ko uku, littafin nasa ne. In hannu ya cika kafin ƙarshen shafi, wannan littafin karanta masa za a yi, ba shi zai karanta ba. Bayan haka a rufe littafin a tambaye shi, "To, me ya faru?" Akwai yaran da bakinsu ke zuba kamar sun haddace, amma ba su riƙe komai ba. Nauyin labari kuwa babba ne zai auna da kansa: ya karanta babin farko, ya leƙa wurare biyu a tsakiya, ya karanta shafuka goman ƙarshe. Minti 15 zuwa 20 sun isa.

'Yan shekara 4 zuwa 8

A wannan mataki kunne ya riga ido nisa. Yaro yana iya bin tatsuniya mai sarƙaƙiya in ana faɗa masa, amma shi da kansa jimla mai kalma shida ce iyakarsa. Don haka abu biyu yake bukata a gida lokaci guda: littafin da za a karanta masa, da wanda zai karanta da kansa. Littafi ɗaya ba ya yin aikin biyu.

Na karanta masa, har yanzu da wuya a samu abin da ya kai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1971 cikin littattafai shida. Tatsuniyoyin gida ne, irin na Gizo da Ƙoƙi, da waƙoƙinsu a rubuce. Amfaninsa shi ne uwar da ta manta rabin tatsuniyar da kakarta ta yi mata za ta same ta cikakkiya. Sharaɗi guda: waƙar da ke cikin tatsuniya rera ta ake yi, ba karantawa ba, kuma a bar yaro ya amsa. In aka karanto ta shimfiɗe kamar labaran rediyo, rabin daɗin ya tafi. A fara da "Ga ta nan ga ta nanku", a jira ya ce "Ta zo mu ji ta", a rufe da ƙurunƙus. Tatsuniya ɗaya a dare ta wadatar, minti goma zuwa sha biyar. A kuma fara dubawa kafin a karanta, domin wasu tatsuniyoyin akwai dodo mai haɗiye mutane da muguntar kishiyar uwa. Ɗan shekara takwas zai ji daɗinsu, ɗan shekara huɗu kuwa za a kwana ana rarrashi. A gidan da ke da 'yan uba ma a yi hattara da yawaita labarin Bora da Mowa, yara sukan ɗora shi a kan mutanen gidan.

Na karantawa da kansa, zaɓi uku ne. Tsofaffin littattafan koyo irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suna hawa mataki-mataki, Hausarsu tsaf, sai dai hotunansu ba sa jan idon yaron da ya saba da allon waya. Littattafan Mu Karanta, waɗanda aka raba a makarantun firamare na jihohin Bauchi da Sakkwato, sun fi su tsari wajen koyar da harafi da gaɓa, amma na darasi ne, ba na nishaɗi ba, kuma ba kasafai ake samunsu a kasuwa ba. Na uku su ne ƙananan littattafai masu hotuna da ke intanet kyauta, a African Storybook da StoryWeaver. Na farkon ya kasa labaransa mataki biyar, na biyun mataki huɗu, daga kalma ɗaya-ɗaya a shafi har zuwa cikakken sakin layi. Su suka fi dacewa da ɗan shekara shida ko bakwai, saboda hoto yana taya shi gane kalmar da ta gagare shi. Matsalarsu ita ce yawancinsu fassara ce, wata mai kyau, wata kuma Turanci ne aka sa wa rigar Hausa. A karanta shafi biyu a bayyane kafin a zaɓa. In jimlar ta yi wa harshe karo, a wuce. Ya fi kyau a sauke su a buga a takarda, a ɗinke da zare ko a maƙale, maimakon a miƙa wa yaro waya. Da waya a hannunsa, ba a daɗewa ya bar littafin ya koma kallon bidiyo.

'Yan shekara 9 zuwa 12: inda aka fi kuskure

Nan ne wurin manyan littattafai huɗu da kowa ke ambata, kuma ba ɗaya suke ba.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, sun fito tsakanin 1937 da 1939, da labarai sama da 80. A na farko aku ne ke ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. A na biyu akun yana gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana horar da ɗansa Fasih. Abin da ya sa ya fi sauran dacewa da gida shi ne kowane labari yana tsaye da ƙafarsa, shafi biyu zuwa shida, ana iya gama shi a zama ɗaya. Labarin Kalala da Kalalatu, wadda ta cinye kajin da aka soya wa baƙo sannan ta shirya ƙaryar da ta sa baƙon ya ruga miji na binsa da wuƙa, yaro ɗan shekara takwas zai yi dariya har ya faɗi in an karanta masa. Amma a ba shi ya karanta da kansa, zai maƙale a shimfiɗar farko. Buɗewar littafi na ɗaya doguwa ce, cike da sarautu da kalmomin fada da na yaƙi, ga jimloli masu tsawo da Imam ke saƙawa da karin magana. Mafita ita ce babba ya karanta shimfiɗar a dare biyu ko uku, har zuwa inda aku ya fara ba da labari. Daga nan a riƙa zaɓo gajerun labarai masu ban dariya a bar yaron ya gwada. Ba dole ba ne a bi su a jere. Littafi na uku a ajiye shi sai an kai shekara 13 ko fiye, don labaransa sun fi tsawo, nasiha kuma ta fi yawa.

Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, yana cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta littafi ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya, aka buga shi a 1934. Siriri ne, kuma labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe: Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, duk garin da ya sauka sai ya ci karo da Malam Zurƙe, su yi ta ƙulla wa juna tsiya. Ya fi Magana Jari Ce gudu, don haka yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ya fi saurin kama shi. Shi ne littafin da ya dace ya zama na farko da yaro zai ce "na gama shi da kaina", kuma wannan jin yana da tasiri a kan duk abin da zai karanta daga baya. Sai dai jarumin ba waliyyi ba ne. Yana ƙarya, yana damfara, yana ramuwa, kuma sau da yawa yana tsira. Wasu iyayen wannan kan tayar musu da hankali. Bai kamata ya hana ba da littafin ba. A dai riƙa tambayar yaron bayan kowane gari, "Wa ya cuci wani a nan?" Amsoshin da yara ke bayarwa sukan nuna sun fi yadda ake zato gane zamba.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa shi ne mafi sauƙin harshe a cikin huɗun. Yaro ne da aka haifa ba ya iya tafiya har ya girma, sannan ya samu ƙarfi ya zama jarumin Sarki Waldima na birnin Kib. Asalin labarin na mutanen Rasha ne, amma an mayar da shi gida har ba a jin baƙuntarsa. Jimlolinsa gajeru ne, faɗa yana biye da faɗa, ba dogon bayani. Ga yaron da aka ce ya ƙi karatu, musamman namiji mai son fim ɗin faɗa, da wannan za a fara, ba da Imam ba.

Na huɗu, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, ya sha bamban da sauran. Yaro ne mai suna Kilba ya haɗu da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, suka yi tafiya cikin sararin samaniya. Ya dace da yaro mai yawan tambaya game da wata da taurari. Rauninsa shi ne wani lokaci labarin yakan tsaya a shiga bayani, kuma ilimin sararin samaniya ya yi nisa tun lokacin da aka rubuta shi. Duk da haka, littattafan Hausa irinsa ƙalilan ne, bai kamata ya ɓace daga gidaje ba.

In kuɗin littafi ɗaya ne kawai a hannu, ga yadda za a yanke: in akwai babban da zai zauna ya karanta, a sayi Magana Jari Ce na ɗaya, domin zai yi wa gidan gaba ɗaya aiki shekara da shekaru. In yaron shi kaɗai zai yi fama, Iliya ga mai rauni, Ruwan Bagaja ga wanda ya iya.

Wani abin lura a dukkan tsofaffin nan shi ne ƙa'idar rubutu. Tsofaffin bugu sukan raba "ya ke" da "su ke", a sami kuɗin da aka daina amfani da su kamar sule da fam, da kalmomi irin su zambar. A gaya wa yaro tun farko cewa rubutun da ne, kada ya kai shi aji malamin Hausa ya soke masa.

Matasa, shekara 13 zuwa 17

Matashi ba a zaɓa masa littafi kamar yadda ake zaɓa wa yaro. In aka ce "karanta wannan", an kashe littafin. Abin da ke aiki shi ne a ajiye uku ko huɗu a inda zai gani, a bar shi ya ɗauka.

Sauran littattafan gasar 1933 nan ne wurinsu. Ganɗoki na Bello Kagara yana buɗewa da yaƙin Kwantagora da Turawa, da kirari da kaifin takobi, daga baya ya tsallaka duniyar aljanu. Rabin farko ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma Hausarsa ta fi ta Imam tsauri, sai wanda ya riga ya gama Ruwan Bagaja. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, harshensa a natse yake, amma labarin yana da nauyi: an sace yaro, an bi da shi Sahara, uwarsa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa bauta. Ba dariya a cikinsa. Ɗan shekara goma zai iya karanta kalmominsa, amma sai ɗan sha huɗu ko sha biyar zai ji zafin abin da ya samu uwar. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ne ya fi kusa da zuciyar matashi, tunda a kan budurwa rigimar ta tashi: mai kuɗi, Malam Shehu, ya ƙwace wa Abubakar Zainab, shi kuwa ya sha alwashin ramawa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da aka haifa. Akwai tsafi da kisa a ciki. A cikin ukun, wanda ba ya son tarihi ya fara da Jiki Magayi.

Samari da yawa littattafan yaƙi suke so, irin waɗanda Abdulaziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su: sadaukai, matsafa, aljanu, birane masu ganuwa. Malamai sukan raina su. Gaskiya ne salonsu maimaici ne, jarumi ɗaya ya karkashe dubbai, gobe ma haka. Amma su ne suka koya wa ɗimbin samari zama da littafi awa biyu ba tashi, kuma wannan juriyar ita ake nema a wannan shekarun. Wanda ya cinye su, Ganɗoki ba zai ba shi tsoro ba. Abin dubawa kawai shi ne yawan zubar da jini, da yadda wasu ke dogon siffanta jikin mata.

Sai batun soyayya, inda iyaye suka fi ɗaga murya. Hanawa ba ta aiki. Yarinyar da aka ƙwace wa littafi za ta karanta wanda ya fi shi muni a wayar ƙawarta. Gara a zaɓa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, shi ne mafi aminci a fara da shi: Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba, danginta suka ƙi. Gajere ne, tsafta ne, akwai ɗanɗanon rayuwar ruga. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na farkon shekarun 1990, ya fi shi jan hankali: Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, da wasiƙu da kalaman da suka zama abin kwaikwayo a zamaninsu. Ba batsa a ciki, amma akwai inda Sumayya ta faɗa rijiya don gudun auren dole. Yarinyar da ke cikin irin wannan ƙunci a gida, kada a bar ta da wannan shafin ita kaɗai, a yi magana da ita a kai. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, ya fi duka biyun nauyi. An cire Abu daga makaranta aka aurar da ita tana shekara 13 ga dattijo, Sarkin Noma, kuma marubuciyar ba ta ɓoye abin da ya faru a ɗakin aure ba. Daga baya Abu ta gudu, ta yi karatu, ta tsaya da ƙafarta. Littafi ne da ya cancanci kowace budurwa ta karanta, kowane saurayi ma, amma daga shekara 16, kuma zai fi kyau uwa ko yaya ta riga karantawa.

Wasan kwaikwayo a rubuce hanya ce da ake mantawa da ita. Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina duk zance ne tsakanin mutane, ba dogon bayani, shafi yana saurin ƙarewa. A raba wa 'yan gida sunaye, kowa ya karanta nasa. Matashin da ke jin kunyar gargadarsa yakan saki jiki in yana kwaikwayon muryar wani.

Game da littattafan da ake sakewa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad: akwai marubuta masu basira a cikinsu, kuma su suka fi kowa sanin abin da ke damun matasan yau. Amma ba edita, ba mai tacewa. Ana rubuta "xan" maimakon "zan", ana zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ana cusa Turanci a kowace jimla, kuma wanda ya yi shekara yana karanta wannan, hannunsa zai ɗauka ya kai takardar jarrabawa. Mafi muni, labari yakan fara da tsafta a shafukan kyauta, sai an biya an shiga rukunin masu biya batsar ta bayyana. Saboda haka duba babin farko ba ya wadatarwa a nan. Ƙasa da shekara 16, a tsaya ga abin da aka buga a takarda ko wanda wani babba ya karanta har ƙarshe.

Manya

Babba ya san abin da yake so, matsalarsa lokaci ce. Wanda ya daɗe da barin karatu kada ya fara da littafi mai kashi huɗu. Gajerun labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta, ba sa wuce kalma 1,500, ana gama ɗaya kafin shayi ya huce, kuma batutuwansu na yau ne: gudun hijira, fyaɗe, talauci, zaman aure.

Mai son labarin gida ya nemi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan. Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa, kuɗin cefane da kuɗin makaranta da maganganun dangi. An fassara shi zuwa Turanci a 2012, a Indiya aka buga. Littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, irin su Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, sun fi shi laushi da daɗin baki, matan cikinsu masu ilimi ne, gidajen na masu hali, ƙarshe kuma yakan yi daɗi. Mai neman hutu bayan aiki ya ɗauki Bilkisu. Mai neman abin da zai hana shi barci yana tunani ya ɗauki Balaraba.

Mai son siyasa da halin ƙasa yana da littattafai biyu da aka buga a 1982 bayan gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina yana bin Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwauri mai saye jami'ai, an tsara shi tsaf, ba kitse, kuma abin da ya faɗa game da cin hanci bai tsufa ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya fi shi tsawo da zafi: Mailoma da rundunarsa ta 'yan ta'adda, da makamai da ƙwaya da kisa, a Nijeriyar bayan yaƙin basasa. Mai karanta shi yau, da abin da ke faruwa a dazukan Zamfara da Katsina, sai jikinsa ya yi sanyi. Ba na mai raunin zuciya ba ne, kuma ba na ɗan sakandare ba ne ko da ya iya Hausa. 'Yartsana na Ibrahim Sheme, 2003, yana bin rayuwar yarinyar da ta faɗa karuwanci, ba tare da ya mayar da ita abin tsinuwa ko abin sha'awa ba. Shi ma na manya ne.

Gargaɗi ɗaya da ya wajaba: Dare Dubu da Ɗaya na Hausa. Sunansa da aljanunsa sukan sa a ɗauka na yara ne. Ba nasu ba ne, akwai zancen kwanciya a fili a wurare da dama. A ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Mai son waƙa kuwa, Imfiraji ta Aliyu Namangi da Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu ba a karanta su da ido kawai. A rera baiti biyar zuwa goma a zama, a tsaya.

A wurin saye

Tsofaffin littattafan nan an sha buga su ta bayan fage, kuma bugun sata yana da alamu: takarda mai shara-shara har rubutun baya na leƙowa, tawada ta dusashe a gefen shafi, ƙugiyar haruffa ta goge har "ƙafa" ta koma "kafa". Ga babba wannan ɓacin rai ne kawai, ga mai koyo kuwa ɓata karatu ne. A bi lambobin shafi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe kafin a biya, domin akan tsallake shafi 8 ko 16 a dunƙule, ko a maimaita su, in an yi kuskure wurin naɗe takarda. A buɗe littafin a tsakiya a ɗan danna. In gam ya yi ƙara shafi ya ɗago, ba zai yi wata guda a hannun yaro ba, sai dai a kai a ɗinke shi tun yana sabo.

Littattafan Kano yawanci kashi-kashi suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu. A duba shafin ƙarshe na kashin da aka ce shi ne na ƙarshe. In an ga ana cewa a haɗu a littafi na gaba, to labarin bai ƙare ba, kuma ba tabbas ci gaban yana kasuwa. A sayi duka a rana ɗaya ko a haƙura. Masu saye daga Maraɗi ko Damagaram su sani cewa bugun Nijeriya yana rubuta 'y inda makarantun Nijar ke rubuta ƴ, sai a nuna wa yaro sau ɗaya cewa harafi guda ne. Inda kuma akwai masu ba da hayar littafi a unguwa, a fara hayar kashi na ɗaya na kwana biyu. In mai karatun ya dawo yana tambayar na biyu, sannan a saya.